Ɗan Farin Da Ban Taɓa Kiran Sunansa Ba

Da kakar bana shekara tara ke nan da aka kashe mini ɗa a bakin kogi, ina tsaye. Na ce ina tsaye ne don kada wani ya zaci labari aka kawo mini. Tsakanina da shi bai fi tsawon kwalekwale biyu ba.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka kai ni ɗakin miji. Jikata Falmata, 'yar marigayin, ita ke riƙe da biro, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Da gangan na zaɓe ta. Ta sami gurbi a jami'a, za ta karanci ilimin lafiyar muhalli, wato irin karatun ubanta. Baffanta Garba ya ce ba da yawunsa ba. Uwarta, wadda ta sake aure a Jahun, kullum sai ta bugo waya tana kuka. Daga ƙarshe suka haɗu suka ce magana tana bakina: in na ce ta tafi, ta tafi, in na ce a'a, an rufe zancen. Mako uku ke nan ban ce uffan ba, kuma in ba ta hau mota ranar Asabar ba za a rufe rajista babu ita.

Ba za ku ji sunansa ba tukuna, domin ɗan fari ne. Mu yadda muka taso, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. In ya faɗi ya fasa baki, wata ce za ta ɗauke shi, ke kuwa ki kau da kai kamar ba ki gani ba. Ana yaye shi, yayar mijina Gwaggo Dije ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta. Ita yake kira Inna. Ni Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In zan yi zancensa sai in ce "yaron nan", har bayan ya ajiye gemu. An yabe ni a kan haka. Mata kan nuna ni ga amare su ce, ku ga mai alkunya.

Ubansa masunci ne, a wani ƙauye na fadama tsakanin Hadejia da Auyo. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, akwai bayin Allah a cikinsa da ba su ji ba, ba su gani ba. Ciwon ƙirji ya ɗauke Malam tun yaron nan bai gama sakandare ba. Ni kuma banda ce sana'ata. Tarwaɗa, karfasa, gaiwa, duk abin da taru ya jawo, in fafe shi, in naɗe, in jera a kan waya, in zauna cikin hayaƙi har idona ya koma ja. Da hayaƙin nan ya yi makarantar koyon aikin tsafta ya zama duba-gari a ƙaramar hukuma. Da shi kuma ya koma jami'a bayan ya yi aure, ya bar mana matarsa da wannan mai rubutun tana tatata.

Gaskiya ni likita na so ya zama. A kasuwa har tsokanata ake yi, a ce ɗan naki da ya tafi jami'a, ashe leƙa masai ya je koyo? Ba ni da bakin tambayarsa, sai dai in ya zo hutu ya zauna a ƙofar Gwaggo Dije, ni kuma in laɓe a bayan zana ina tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa. A nan na ji abin da ake koya musu: yadda ruwan masai ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiya, yadda ake duba nama a mayanka, inda sauro ke ƙyanƙyasa, abin da ya sa amai da gudawa ke biyo bayan ambaliya. Ya ce abokan karatunsa wasu ma'aikatar lafiya za su shiga, wasu asibiti, wasu wajen masu ruwan famfo, wasu koyarwa. Gwaggo Dije ta ce, "To kai me ya hana ka zama a ofis a Dutse, fanka tana kaɗa ka?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, likita yana jiran mutum ne bayan ya kwanta. Ni so nake in riga ciwon isa gidan." Na ji daɗin maganar nan har shinkafa ta zube mini. Ban taɓa gaya masa ba.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, tun kafin na babbar rana. Busasshen kifi yana da maƙiyi, wani ɗan ƙwaro da ke shiga cikinsa ya mai da shi gari. Kafin motar Kudu ta zo ɗauka, sai ka buɗe kwali ka tarar da ƙaya da ƙura. Iyayenmu sake mai da shi kan wuta suke yi, su yi ta wahala. Mu kuma a zamaninmu sai aka kawo fiya-fiya, maganin ƙwari na cikin 'yar kwalba. A zuba a ruwa, a yayyafa da tsintsiya, a rufe kwali. Ba ƙwaro, ba tsutsa. Kowa yana yi, ni ma ina yi. Muna cewa ai in an wanke da ruwan zafi ya fita.

A kakar da abin ya faru, ruwa ya yi yawa, da ya janye kuma kifi ya yi albarka irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Kwalaye suka taru a bakin kogi sun fi tsayin mutum, motoci suka yi jinkiri saboda hanya ta yanke, aka yi ta yayyafi ana ƙarawa. Sai wata rana da azahar muka ji ihu daga gidan Hansatu mai ƙosai. Na shiga da ƙafata. Yaranta biyu suna ƙasa suna shure-shure, kumfa na fita ta baki da hanci, idanunsu sun ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Ƙaramin ya ciji harshensa har jini ya wanke masa haɓa. Hansatu tana ɗura musu manja, tana mari, tana kiran sunayensu. Ga tukunyar miyar kifi nan a gefe, ba a ko rufe ta ba. Kafin a samo babur ƙaramin ya cika. Babbar ta cika a hanya.

Yaron nan ne ya zo washegari ya kwashe ragowar miyar, ya bi gida-gida yana tambaya. Ya san wurin wanda aka sayi kifin. Har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba, ni kuma ban tambaya ba. Hansatu takan saya a wurina, takan saya a wurin wasu. Shekara tara ina juya wannan a raina.

Ana jibi kasuwa ya shigo gidana da hantsi, ya durƙusa nesa da tabarmata kamar yadda ya saba. Ya ce, "Yaya, ranar kasuwa zan zo bakin kogi. Duk kwalin da aka yi wa yayyafi zan ƙone shi. Don Allah ki fitar da naki yau ki binne." Na ci gaba da gyaran wuta. Na ce wa murhu, ba shi ba, "Wanda hayaƙin nan ya yi wa riga, yau shi ke ƙyamar hayaƙin." Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce a gafarce shi, ya tashi. Iyakar maganarmu ke nan a duniya.

Ranar kasuwa ya zo cikin kakinsa, da leburori biyu da galan na kananzir. An ba shi shawara ya taho da 'yan sanda, ya ce ba zai kawo wa iyayensa bindiga ba, mutanen nan da hannunsu suka koya masa iyo. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya ce a buɗe kwali, a ja baya, a tsaya a gani. Kun san bakin kogi da ƙuda, ko hamma ka yi sai ya shiga bakinka. Kwalin da yake lafiya, nan da nan ƙuda ya rufe shi. Wanda aka yi wa yayyafi kuwa, ƙuda zai zo ya yi kewaye ya wuce. Ya ce, "Jama'a, abin da ƙuda ya ƙi, shi za mu ba 'ya'yanmu?"

Da nawa ya fara. Bai dube ni ba. Ya sa aka buɗe, aka tsaya, ko ƙuda ɗaya bai sauka ba. Da hannunsa ya ja kwalayena zuwa fili, ya zuba kananzir, ya ƙyasta ashana. Aikin damina guda ya kama da wuta, man kifi yana tsartuwa, wani irin wari mai ɗaci ya tashi har mutane suna toshe hanci. Yanzu na gane abin da ya sa ya fara da ni, don kada a ce ya bar na uwarsa. A lokacin kuwa ban ga komai ba sai wutar, da idanun mata a kaina.

Daga nan ya nufi rumfar babban dillalin wurin, wanda rabin kifin bakin kogin nasa ne. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ba zan kama sunansa ba. Masu lodi suka miƙe suka tare hanya. Amma ba wanda ya ɗaga hannu tukuna. Dillalin ya juyo wajena ya ɗaga murya, "Ke uwar banda! Ki yi masa magana mana. Ɗan wane ne in ba naki ba?" Kasuwa ta yi tsit, kowa ya juyo. Suna jira su ga ko yana da mai shi.

Na ja mayafina na rufe rabin fuska, na kau da kai. Abin da na saba yi ke nan tun yana rarrafe. Haushin kifina yana ciki, ba zan ɓoye ba, amma ko babu haushi ban san yadda ake buɗe baki a kan ɗan fari a tsakiyar kasuwa ba. Idona yana ta neman Gwaggo Dije a cikin taro, ita ce mai ikon yin ihu a kansa. Na manta ta tafi bikin suna a Miga tun jiya.

Ƙarar na fara ji kafin in gani. Filafilin tuƙa kwalekwale ne, wani ya sauke masa a ƙeya. Hularsa ta yi tsalle ta faɗa cikin laka. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya ɗaga hannu yana cewa, "Ku tsaya, ku tsaya mu yi magana." Aka sauke na biyu a kan hannun, na ji ƙashin ya ɓalle kamar an karya kara. Leburorin suka zubar da galan suka ruga. Daga nan ban iya ƙirga hannaye ba. Itacen banda, wanda mu mata muka tara da kanmu, shi aka yi ta zara. Wani ya zaro mai wuta daga cikin kwalayena ya danna masa a wuya. Yaran da ya yi wa rigakafi, mazan da suka ci tuwon sunansa, suna dukansa suna haki kamar masu sussuka. Haƙoransa na gani a ƙasa, farare, cikin ƙayar kifi.

Sau ɗaya ya ɗago. Jini ya rufe masa ido guda, da ɗayan ya nemo ni. Bai kira ni ba. Shi ma tarbiyyar da aka yi masa ke nan. Sunansa ya taso mini tun daga cibiya, ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ina ce wa kaina yanzu wani babba zai tsawatar, yanzu za su bari, ai sun san shi.

Suka kama ƙafarsa suna ja za su kai shi ruwa. Sai wata Bafulatana mai tallan nono, wadda ba ta san shi ba, ba ta san ni ba, ta yi jifa da ƙwaryarta ta faɗa a kansa ta rufe shi da jikinta. Tana ihu tana cewa, "Ku haɗa da ni! Ba shi da uwa ne? Wannan ba shi da uwa ne?" Wallahi a take hannaye suka tsaya. Sanda tana sama, mai ita ya sauke ta a hankali. Suka fara ja da baya, kowa yana duban ƙasa, wasu suna goge hannu a riga. Mace ɗaya, ba ta kai ni jiki ba. Iyakar abin da ake bukata ke nan tun farko, kuma ni na fi ta kusa.

A bayan akori-kura aka sa shi, a kan buhunan da ake shimfiɗa wa kifi. Na hau. A nan na fara ɗora kansa a cinyata tun ranar da aka yaye shi. Kan ya yi laushi ta baya, ina jin sa yana motsi a tafin hannuna. Yana numfashi da ƙyar, nono da jini sun haɗu a kakinsa. Akwai maza biyu a motar, saboda haka ko a nan ban kira shi ba. Muna hango gadar shiga Hadejia ya daina.

A zaman makoki ban yi kuka ba. Mata suna shigowa suna cewa, kai, baiwar Allah nan akwai dauriya, ɗan fari ne amma ko ɗigon hawaye. Ina jin su ina so in ɗauki muciya in bi su da ita. Gwaggo Dije ce ta yi birgima a tsakar gida, ta yage zaninta, kuma ba ta ƙara shekara ba ta bi shi. An kama mutane, an saki wasu, wasu sun yi zaman kaso sun fito. Akwai wanda har yau in ya gan ni a asibiti yakan durƙusa ya gaishe ni. Ina amsawa. Me zan ce masa? Shi da sanda ya yi nasa, ni da mayafi.

Na bar banda, na dawo cikin gari wurin Garba. Kifi bai ƙara shiga bakina ba. Kuka kuwa da na hana kaina, yanzu ba ya neman izini. A gidan biki yake zuwa, a layin awo, a kan sallaya. Na daina ɓoye shi, duk mai son ya ce tsohuwa ta zubar da alkunya ya faɗa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ciyawar kachalla ta ƙara cinye kogi, ruwa yana shiga inda bai taɓa shiga ba, bayansa kuma amai da gudawa na nan tafe kamar da. Fiya-fiya ba ta ɓace ba, an dai koyi ɓoye kwalbar. Wannan zai ɓata masa rai. Amma da ruwan bara ya janye, na ga 'yan mata da hijabi da takalman roba suna bi rijiya-rijiya suna zuba magani, maza suna ba su hanya, har ana kawo musu kujera. Aka ce mini irin karatunsa suka yi. Da ya gan su, na san dariyar da zai yi, irin wadda nake ji ta bayan zana. Kuma Garba ya ce mini a bakin kogin namu, mace ba ta sayen busasshen kifi yanzu sai ta sa an buɗe, ta ja baya ta tsaya. In ƙuda bai sauka ba, ta yi gaba. Da yawansu ba su san wanda ya koya musu ba. Hansatu ta sani. Duk shekara takan aiko mini da ƙosai, ban kuwa san ko gaisuwa ce ko tuni ba.

Garba ba mugu ba ne. Shi ya wanke gawar yayansa, ya ga abin da ban gani ba. Ya ce mini, "Inna, mun ba da ɗaya, ya isa. Ta yi malanta, ta yi jinya, duk abin da ba za a aike ta ta taɓa abincin mutane ba." Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Ita kuma wannan mai taurin kan, shekaranjiya ta zo tana tsefe mini kai ta ce, "Tsohuwa, in ba ki so ki ce ba ki so. Wannan shirun naki ya fi zagi ciwo." Na ce, "Ja can, mai goshin ubanta, wa ya sa da ke?" Ta ce, "To ni dai gaya mini, shirun na mene ne?"

Tun daga lokacin abinci bai yi mini daɗi ba. Mako uku ana tambayata, kowa ya juyo yana jira ya ga ko tana da mai ita, ni kuma na ja mayafi. Shirun nan ne dai na bakin kogi, bai canza ba. Shi ya sa na ce ta ɗauko takarda, domin duk abin da na faɗa a nan ba ta taɓa jin sa ba. An gaya mata 'yan kasuwa sun kashe ubanta. Ba a gaya mata inda kakarta take tsaye ba. Ga ta nan tana rubutu hawaye na ɗiga a kan takardar, na ce kada ta tsaya.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Kakin ma ban yarda an wanke ba, yana ƙasan adakata. Abin da ya bari shi ne matan nan da ke tsayawa su jira ƙuda, da yaran da suka ci miya suka tashi lafiya ba su san an yi musu komai ba, da yarinyar nan da ta ga abin da aikin ya jawo ta ce shi take so. Ban san ko wannan ya kai nauyin abin da na riƙe a cinyata a motar nan ba. A wurina bai kai ba. Amma ba ni da ikon in binne shi sau biyu.

Garba, ka ji ni a nan tunda a gida na kasa. Falmata za ta hau mota ranar Asabar, kuma kai za ka kai ta tasha. Ke kuma, in kin gama aka ba ki kaki, kada ki je wurin da za a ƙona dukiyar mutane ke kaɗai, ko da su suka yi miki wanka kina jaririya. Ki tafi da hukuma. In kuma wata rana aka tambaya a tsakiyar kasuwa 'yar wace ce wannan, in ina da rai, ko da rarrafe zan zo in amsa.

Saura abu ɗaya. Rubuta da kyau, manya-manya. Sunansa Bukar. Bukar ɗana, ni na haife shi, ranar wata Laraba da ruwa ya cika fadama. Bukar, na ji abin da ka gaya wa Gwaggo, ina bayan zana, kuma na ji daɗi. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka yafe mini.

Na ce ta nuna mini inda sunan yake a takardar. Ta nuna. Ashe ɗan gajere ne haka. Na ɗora yatsana a kai, kuma ban ɗauke ba tukuna.